Zari-ruga ta kama talabijin a Ailan, amma filin unguwa yana hannun hurling

Asabar ɗin da ta wuce ina tsaye a bakin filin unguwarmu, ana yayyafin nan na Ailan da ba ya ƙarewa, ina kallon ɗana da sa'o'insa suna koyon hurling. Kafin mai horarwa ya busa usur na ƙirga yara huɗu sanye da shuɗiyar rigar Leinster, ƙungiyar zari-ruga ta lardin gabas. Wani dattijo da ya kawo jikarsa ya ga abin da nake kallo, ya girgiza kai, ya shaida mini cewa lokacin yana saurayi ko kallon zari-ruga aka kama ka kana yi sai an dakatar da kai daga ƙungiyarku ta hurling. Na san ba ƙari ya yi ba. Tun ranar maganar take yi mini yawo a rai, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi nawa ra'ayin, ga masu zama a nan da ma waɗanda ke gida suna tambayata wane irin wasa ne yaron nan yake yi da sanda da kwalkwali.

Bari in fara da su. Mutanen Ailan suna da wasanninsu na gado guda biyu da suka fi kowanne. Akwai hurling, inda mutum 15 ke karawa da 15, kowa riƙe da sanda mai faffaɗan baki da ake sassaƙawa daga itace, suna dukan wata 'yar ƙwallon fata mai tauri da gudun da ido ke wahalar bi. Na mata ana ce masa camogie, kuma a 2018 UNESCO ta saka su cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Sai ƙwallon Gelik, wadda ake kamawa da hannu a buga da ƙafa. A duka biyun, in ƙwallo ta shiga raga maki uku ne, in ta bi ta saman sandar tsakiya maki ɗaya. Hukumar da ke riƙe da su ita ce GAA, an kafa ta ranar 1 ga Nuwamba 1884 a wani otal a garin Thurles, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Waɗanda suka kafa ta, irin su Michael Cusack, suna ganin wasannin Ingila na cinye na kakanninsu kamar yadda Turanci ke cinye harshensu, suka ce ba za su zura ido ba.

Wanda bai san wannan ba ba zai gane me ya sa rigar yaro ke damun dattijo ba. GAA ta yi shekaru da dama da dokar da ta haramta wa mambobinta buga ƙwallon ƙafa, zari-ruga, kurket da hoki, ko zuwa kallonsu, har akwai 'yan sa ido da ake turawa filaye su rubuto sunaye. A 1938 shugaban ƙasa na farko, Douglas Hyde, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa wajen raya harshen Ailan, ya je kallon wasan ƙwallon ƙafa tsakanin Ailan da Poland, sai GAA ta tuɓe shi daga matsayin uban ƙungiya. Sai a 1971 aka soke dokar. Akwai kuma jini a cikin maganar. Ranar 21 ga Nuwamba 1920 dakarun Birtaniya suka buɗe wuta kan 'yan kallo a Croke Park, babban filin GAA da ke Dublin, ana tsakiyar wasa tsakanin Dublin da Tipperary. Mutum 14 suka mutu, har da yara uku da ɗan wasa Michael Hogan, wanda har yau sunansa ke kan babbar rumfar filin.

A wannan filin ne, ranar 24 ga Fabrairu 2007, Ailan ta karɓi baƙuncin Ingila a wasan zari-ruga. Ana sake gina filin Lansdowne Road, gidan zari-rugar ƙasar, a lokacin, kuma GAA ta sassauta dokarta ta hana irin waɗannan wasanni a filayenta a 2005 bayan zazzafar muhawara don a ba maƙwabta aron wuri. An yi ta fargabar abin da zai faru in aka rera taken Ingila a wurin da aka zubar da jinin nan. Aka rera, mutum sama da 80,000 suka yi tsit har aka gama, sannan Ailan ta lallasa Ingila da ci 43 da 13. Ban iso ƙasar ba tukuna a lokacin, amma duk wanda na tambaya yana tuna inda yake zaune a ranar. Ni a wajena daga ranar zari-ruga ta daina zama baƙuwa a gidan mutane da yawa.

Daga nan sai ta yi ta hawa. A 2009 Ailan ta cinye duka wasanninta a gasar ƙasashe shida, abin da rabonta da yi tun 1948, ta kuma maimaita a 2018 da 2023. A shekarar 2009 ɗin dai Leinster da Munster, ƙungiyar lardin kudu, suka tara mutum 82,208 a Croke Park. Munster ta ɗauki kofin Turai a 2006 da 2008, Leinster ta ɗauka sau huɗu tsakanin 2009 da 2018. A Nuwamba 2016 a birnin Chicago 'yan wasan Ailan suka doke Niyu Zilan 40 da 29, karo na farko cikin shekara 111 ana gwabzawa, kuma a 2022 suka bi su har gida suka ci biyu cikin wasa uku, suka hau matsayi na ɗaya a duniya. Tsibirin da gaba ɗayansa bai wuce mutum miliyan 7 da 'yan kai ba! Wa zai ga laifin yaron da ya ga haka ya ce shi ma rigar yake so?

A nan ne nake rabuwa da masu cewa abin duk talla ne da kuɗin kamfanoni. Zari-ruga tana da abu biyu da GAA ba ta da su, kuma ba za ta taɓa samu ba. Na farko abokan karawa. In kai ne gwanin hurling na duniya, iyakarka ka doke gundumar Kilkenny ko ta Limerick, babu Faransa ko Afirka ta Kudu da za ka je ka gwada ƙwanji da su. Ko wasan haɗin gambiza da ake yi da Ostireliya, wanda ya haɗa dokokin ƙwallon Gelik da na irin tasu ƙwallon, rabon da a buga shi tun 2017. Zari-ruga kuwa ƙungiya ɗaya ce ga tsibirin duka, Arewa da Kudu, ɗan Belfast da ɗan Cork cikin koriyar riga guda, abin da ƙwallon ƙafa ta kasa yi. Na biyu albashi. Tun 1995 zari-ruga ta zama sana'a, kuma hukumarta ta nan ta iya riƙe manyan 'yan wasanta a gida cikin larduna huɗu. Ɗan wasan GAA kuwa ba a biyansa ko sisi na albashi. David Clifford na Kerry, wanda da yawa ke ganin babu kamarsa a ƙwallon Gelik a wannan zamani, malamin makarantar sakandare ne. Ya buga a gaban mutum 82,300 ranar Lahadi, in an koma makaranta ya shiga aji da alli a hannu.

Saboda haka ana ɗauke wa GAA yara masu baiwa, wannan gaskiya ne. Rob Kearney ya yi wa gundumar Louth ƙwallon Gelik yana matashi, Robbie Henshaw ya yi wa Westmeath, Tadhg Furlong ya taso yana buga wasannin GAA a ƙauyensu a Wexford. Duk wanda ya ga yadda Kearney ke tashi sama ya cafke ƙwallo ya san inda ya koyo. Har ɗan ƙasarmu Niyi Adeolokun, haifaffen Ibadan, wanda ya ci wa Connacht, ƙungiyar zari-ruga ta lardin yamma, maki a wasan ƙarshe da suka ɗauki kofi a 2016, ya taɓa ƙwallon Gelik a Dublin kafin ya koma zari-ruga.

To amma duk da wannan, ban yarda cewa zari-ruga na dab da ture wasannin gado ba, kuma dalilina abin da idona ke gani ne kowane mako. Cika talabijin daban, cika fili da yara ranar Asabar da safe daban. GAA tana da kulob-kulob birjik a duka gundumomi 32 na tsibirin. Akwai ƙauyen da gidan waya ya rufe, ofishin 'yan sanda ya rufe, shago ɗaya ya rage, amma filin GAA na nan da ciyawa a aske, saboda wani manomi ya zo da tarakta ya yi aikin kyauta. Mutum yana buga wa unguwar da aka haife shi, ba a sayensa ba a sayar da shi. In tsohon ɗan wasa ya rasu, 'yan kulob ne ke jeruwa gefen hanya a raka gawarsa da rigar kulob a kan akwati. Na ga wannan da idona a unguwarmu, kuma ya taɓa ni sosai.

Zari-ruga ba ta da irin wannan saiwa, ban da Limerick, inda tun da can wasan leburori da 'yan dako ne, garin da Munster ta doke Niyu Zilan 12 da nema a 1978. A Dublin kuwa babbar hanyar shiga ƙungiyar ƙasa har yanzu ta makarantun kuɗi take bi, irin su Blackrock, inda Brian O'Driscoll ya yi karatu, da St Michael's, da Clongowes da ke Kildare. Ɗan direban bas kamar nawa ba ya cikin wannan layin. Ana ƙoƙarin faɗaɗawa, ba na musu, amma kulob ɗin da ya zo har makarantar gwamnati ya miƙa wa ɗana sanda, ya koya masa riƙo, bai tambayi daga ina ubansa ya fito ba, na GAA ne. Na kuma san ba mu kaɗai ba ne: Zak Moradi, Bakurde da ya zo daga Iraƙi yana yaro, ya yi wa Leitrim hurling, Boidu Sayeh haifaffen Laberiya ya yi wa Westmeath ƙwallo. Ga kuma maganar bugun kai da girgizar ƙwaƙwalwa, wadda ta sa iyaye mata da yawa ke ja da baya in aka ce zari-ruga. Matata na cikinsu.

Abin da ke ba ni tsoro game da wasannin gado yana cikin gida. Ƙauyukan yamma suna rasa matasa, wasu sun tafi Dublin, wasu Sydney, wasu Kanada, saboda tsadar haya da neman aiki, har ta kai kulob biyu da suka yi shekara ɗari suna hamayya sai sun haɗe kafin su iya fitar da yara 15. A gefen birane kuma yara sun yi yawa, fili ya yi kaɗan. Ɗan wasan gunduma ana neman ya yi atisaye irin na mai albashi, dare huɗu ko biyar a mako bayan ya taso daga aiki, ya bar biki ya bar suna, sannan a yi mamaki in wani kulob na Ostireliya ya zo da kwantiragi ya amsa. Mata ma yanzu da yawa can suke tafiya.

Sai maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. A 2023 aka saka wasu manyan wasannin hurling na lardin Munster a manhajar GAAGO, sai wanda ya biya kuma yake da intanet mai ƙarfi zai gani, har 'yan siyasa suka shiga maganar. Ku duba fa: wasannin gasar ƙasashe shida na zari-ruga ana nuna su kyauta a tashoshin ƙasar nan, amma dattijon da ya yi shekara 50 yana zana layin fili da farin fenti ba a biya shi ba, an ce sai ya sayi kallon gundumarsa. Idan ana neman dalilin da yaro ya san fuskar Bundee Aki, ɗan wasan zari-rugar Ailan, bai san ta gwanin hurling na gundumar da ke maƙwabtaka da shi ba, a fara dubawa nan. Hukumar ta ce kuɗin filaye da kulob-kulob yake komawa, kuma na yarda mafi yawansa can yake zuwa. Sai dai wasan da yaro bai gani ba, da wuya ya roƙi ubansa sandarsa.

Shi ya sa ba na tare da masu cewa a sake rufe ƙofa, a hana zari-ruga filayen GAA. An buɗe Páirc Uí Chaoimh, filin GAA na Cork, a 2022 Munster ta kara da 'yan Afirka ta Kudu, filin ya cika, hurling bai mutu a Cork ba. Leinster ta sake cika Croke Park a 2024, a Yulin shekarar kuma Clare da Cork suka buga wasan ƙarshe na hurling da har BBC ta nuna kai tsaye a Birtaniya, mutanen da ba su taɓa ganin wasan ba suka yi ta mamaki. Tsohuwar dokar hani ta yi amfaninta a zamanin da ake neman shafe al'umma, ta kuma raba 'yan gida ɗaya ta kunyata mutum irin Hyde. Yaron yau ba a tsare shi da hani, yana da waya a hannu.

Na gaya wa dattijon nan kusan duk wannan a tsaye cikin yayyafi. Bai yarda da ni duka ba, ya ce in jira in ga lokacin da yaran za su kai shekara 16 a ce su zaɓi ɗaya. Wataƙila yana da gaskiya a kan wasu daga cikinsu. Ɗana ma ya fara cewa in kai shi ya gwada zari-ruga ranar Lahadi, kuma in mahaifiyarsa ta amince zan kai shi. Amma yaran nan huɗu masu rigar Leinster, da aka busa usur, kwalkwali suka ɗora a kai suka ɗauki sanda suka ruga cikin taɓo tare da sauran. Kafin mu watse matar da ke riƙe da rajistar kulob ta zo da takardarta tana neman wanda zai kwashi yara a mota zuwa wasan mako mai zuwa, na ba ta sunana, dattijon kuma ya ce shi zai kawo shayi.