Agogon da ya san kwanakin Fabrairu

Shekara shida ke nan ina zaune a Jeniba ta ƙasar Suwizalan, amma har yau in na ga Bature ya sa safar hannu kafin ya taɓa agogo sai dariya ta kama ni. A Garwa ta Kamaru, agogon Seiko 5 ɗin da Baba ya sayo a Makka ba abin da bai sha ba: ruwan alwala, ƙurar hunturu, ranar watan Afrilu.

Wanda masu tara tsofaffin agoguna suka fi ji da shi a nan shi ne mai riƙe kalanda da kansa. Ba batir a cikinsa, ƙananan haƙoran ƙarfe ne kawai, amma ya san wata mai kwana 30, ya san mai 31, ya kuma san shekarar da Fabrairu ke cika 29. Akwai wani ɗan faifai a ciki da sai ya shekara huɗu yake kammala zagaye ɗaya. Muddin bai tsaya ba, ba ruwanka da gyara masa kwanan wata sai 2100, shekarar da lissafin Miladiyya zai tsallake ranar ƙari. Kamfanin Patek Philippe ne ya fitar da na hannu na farko a 1925. Samfurinsa mai lamba 1518, wanda aka fara a 1941, guda 281 kacal aka ƙera, kuma ɗaya daga ciki, na ƙarfe zalla ba ma zinariya ba, an yi gwanjonsa nan garin a 2016 kan kuɗin Suwizalan faran miliyan 11. Mai ƙarfin hali ya juya shi zuwa sefa.

Ban ga hikimar sayen agogo a kulle shi a akwatin banki ba. Ballantana mu da azumi da sallarmu sai an ga wata da ido, ko da agogon yana nuna hoton wata a fuskarsa.

Sai dai wuri ɗaya sun fi mu gaskiya: ba sa goge tsufa. Fuskar agogon da rana ta dafa ta koma ruwan ƙasa, ƙara mata kuɗi suke yi. Mu kuwa da Allah ya ba mu ranar kyauta, da agogo ya koɗe sai a kai wa mai gyara a kasuwa, ya sauya fuska, ya goge jikin har ya yi ƙyalli, a biya shi ana murna. Da haka alamar hannun mai shi take tafiya, ba ta dawowa.

Shi ya sa na kira ƙanena makon jiya na ce kada kowa ya taɓa na Baba, a dai sa masa mai, a ci gaba da ɗaurawa.

"Yaya, gilashin fa duk ya karce," in ji shi.

Na ce ai na sani, ina tsaye a wurin ranar da ƙofar shago ta karce shi.