Hoto Ya Kawo Ku Ko Koyo?

Ƙannena samari da 'yan mata, ku yi haƙuri da ni yau, don raina a ɓace yake. Ranar Asabar da la'asar na je filin makarantar firamaren unguwarmu, inda ƙungiyarmu ta 'yan sa-kai take koyar da kiɗa da rawar gargajiya. Babu mai biyan mu ko sisi. Karo-karo muka yi muka ɗauko wani dattijo makaɗin kalangu daga ƙauye, ya zo a kan acaɓa da kalangunsa naɗe cikin tsohon zane.

Baba ya zauna bisa tabarma, ya saƙale kalangu a hammata, yana nuna yadda ake matse tsirkiya a sassauta har fata ta yi magana. Ya kaɗa taken mahauta, ya ɗago kai ya ce, "'Ya'yana, wa zai karɓa?" Shiru. Kowa waya ce a hannunsa. Can wani ya matso ya ce, "Baba, ɗan ba ni in riƙe." Ya rataya shi a juye, abokinsa ya ɗauke shi hoto, ya dire kalangun a ƙasa cikin ƙura ya tafi duba yadda hoton ya fito. Ko sau ɗaya bai buga ba.

Haba! Kayan aro ba ya rufe katara. Ka ɗaura warki, ka sa laya da kambu, ka tsaya gaban kyamara ka rubuta "al'adarmu" a Facebook, alhali ba ka iya bambance kotso da taushi ba, ba ka san kiɗan noma daga kiɗan tauri ba. Ranar da aka ce za a raba kayan rawa a yi bidiyo, fili ba masaka tsinke. Ranar gwajin taku, sai mu da awakin unguwa. 'Yan mata ma ba a bar ku a baya ba: a ɗauki ƙwarya a kife a yi murmushi, da an ce a yi amshi sai a hau kallon juna. Ban ma taɓo masu tambayar kuɗin mota tun kafin su yi sallama ba, da masu gaishe da dattijo a tsaye hannu cikin aljihu. Wannan wata cuta ce daban.

Kuna tsammanin da hoto manya suka kai inda suka kai? Mamman Shata da kalangun nan da kuka jefar a ƙura ya yi suna, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, kuma tun rasuwarsa a 1999 ba a daina sauraronsa ba. Ɗanmaraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya. Barmani Choge ƙwarya ce kayan aikinta. Ɗanƙwairo kuwa a gidan kiɗa ya tashi, sai da ya yi amshi a bayan na gaba da shi kafin ya ja nasa ayarin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ba na ce ku jefar da waya ba. Ku dai ji kunya, ku gyara.

Mu da muka tashi, farin wata na fitowa dandali yake cika, 'yan mata na gaɗa, tafi na tashi har bayan gari. Ranar gayya, gangar noma na bin manoma kunya-kunya, mutum ya ji takensa ya manta gajiya. Yaro kan yi shekaru yana ɗaukar wa maigidansa ganga kafin a yarda ya taɓa ta, in an miƙo masa kuwa da hannu biyu yake karɓa, a durƙushe.

Da magariba ta gabato, Baba ya ɗauki kalangunsa ya kaɗe ƙurar da gefen rigarsa, ya naɗe shi cikin zanen. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, Asabar mai zuwa in dawo kuwa?" Na ce masa ya dawo, amma wallahi ban iya haɗa ido da shi ba.