Girman zanen ƙididdiga a manhaja ba kwalliya ba ne

Jama'a, ku ba ni aron hankalinku kan wani abu da yawancin masu rubuta manhaja suke ɗauka ƙaramin al'amari: faɗi da tsayin zanen ƙididdiga, wato giraf, a cikin tagar manhajar kwamfuta. Ni dai abin ya taɓa ba ni kunya a gaban dattijo, tun ranar ban sake wasa da shi ba.

Wani Alhaji mai sayar da hatsi ne ya sa na rubuta masa 'yar manhaja da za ta riƙa ajiye farashin masara da gero da dawa, ta kuma zana masa yadda farashin yake hawa da sauka wata-wata. Da yaren rubuta manhaja na Python na yi ta, tagar da Tkinter, kayan aikinsa na gina taga, zanen da matplotlib, kayan aikin zana giraf. A ɗakina, kan babban allo mai fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto a allo, 1920 a kwance da 1080 a tsaye, komai ya zauna daram. Ranar da na kai aikin, akawunsa ya buɗe ta a laftof ɗin shago, irin na gwanjon nan mai allo 1366 da 768. Teburin lambobi ya cinye sama, zanen ya takure a ƙasa kamar tabarmar da aka naɗe, maɓallin ajiyewa kuwa ya ɓace ɗungurungum.

Alhaji ya gyara tabarau, ya leƙa, ya ce, "Injiniya, wannan abin naka cewa yake gero bai motsa ba tun kaka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ya motsa mana, ga lambobin nan a sama."

Ya ce, "To ni layin nake kallo, layin kuwa a kwance yake. Na san abin da na biya a kaka, na san abin da na biya a bazara."

Gaskiya ce ya faɗa. Na ɓoye teburin na ɗan lokaci, zanen ya samu wuri ya miƙe, sai ga layin ya tashi kamar tudu. Ko lamba ɗaya ba ta canza ba. Tsayin zanen kawai ya ƙaru, amma labarin da yake bayarwa ya zama wani daban. Da Alhaji bai san kasuwarsa a ka ba, da manhajata ta yaudare shi, ni kuma ina ganin na yi aiki mai kyau.

Abin da nake so mu gane ke nan. Idon mutum ba lambobi yake fara karantawa a giraf ba, gangaren layi yake gani. Ka ja zanen ya yi faɗi ya gajarce, tashin gwauron zabo sai ya koma kamar tafiyar hawainiya. Ka matse shi ta gefe ya yi tsayi, ƙaramin motsi sai ya zama abin tayar da hankali. Masanin ƙididdiga ɗan Amurka William Cleveland ya yi bincike a kan wannan tun a shekarun 1980, ya nuna cewa ido ya fi bambance gangare idan karkatar layukan ta tsaya a kusa da digiri 45. Misalin da aka fi sanin sa da shi na ɗigon duhun da ke bayyana a fuskar rana ne, waɗanda yawansu yake hawa da sauka kusan duk shekara 11. A zane mai tsayi ba ka ganin komai sai tsinaye a jere. Da aka daidaita tsayin da faɗin, sai ya fito fili cewa hawan ya fi saukar sauri. Bayanin yana nan tun farko, siffar zanen ce ta rufe shi.

To me ya faru da tawa manhajar? Idan ba ka faɗa masa komai ba, matplotlib yana ba zane inci 6.4 a faɗi da inci 4.8 a tsayi, ɗigo 100 a kowane inci, wato fiksel 640 da 480. Da yawa daga cikinmu muna canza waɗannan lambobi mu ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Da zarar ka saka zanen a cikin taga, girman da ka rubuta ya zama roƙo kawai. Mai rabon wuri na Tkinter ko na Qt, wani kayan aikin gina taga, shi ne alƙali. A Tkinter, idan da umarnin jera kaya mai suna pack ka jera kayanka kuma wuri ya yi kaɗan, abin da ka saka a ƙarshe shi ake fara dannewa. Ni maɓallin ajiyewa na saka a ƙarshe, shi ya sa ya tafi. Ga kuma Windows da ke ƙara girman rubutu da akwatuna. Allon da ke da tsayin 768, idan aka sa shi a kashi 125 cikin 100, abin da ya rage maka bai wuce 614 ba, tun kafin ka cire sandar ƙasa da kan taga. Ina za ka cusa zane mai 480 da tebur da maɓallai?

Na sha jin abokan aiki suna cewa mafita ita ce a kulle tagar, kada kowa ya iya ja ko matsewa. Ban yarda ba. Wannan gudun wahala ne, ka zaɓar wa mutum girma daidai da allonka kai, alhali ba a gidanka zai yi aiki da ita ba. Wasu kuma suna sakin komai, zane ya bi taga duk inda ta je, ko da zai koma siririn zare. Shi ma ban yarda ba, don shi ne ya kusa ɓatar da Alhaji.

Abin da na koma na yi a daren ranar shi ne na sa wa zanen iyakar ƙanƙanta, wadda ba zai sauka ƙasa da ita ba ko an matse taga. Na fara saka maɓallai kafin zanen, don su riƙe wurinsu. Tsakanin tebur da zane na sa shingen da ake kamawa da linzami a ja sama ko ƙasa. Tkinter yana da PanedWindow, Qt yana da QSplitter, duk sun zo a shirye, layuka kaɗan ne. Na kuma sa manhajar ta riƙa tuna inda mutum ya bar shingen. Wanda zai buga a takarda kuma na ware masa girmansa daban, daidai da A4 mai santimita 21 da 29.7, saboda bai kamata abin da firinta za ta fitar ya dogara da yadda akawu ya ja taga da safe ba.

Kada masu aiki da Excel su ce wannan maganar 'yan rubuta manhaja ce. Ku ma tana kanku. Sabon zane a Excel yana fitowa da inci 5 a faɗi da 3 a tsayi, kuma a ɗaure yake da akwatunan da ke ƙarƙashinsa. Ka faɗaɗa akwatunan, zanen ya miƙe. Ka ɓoye layuka ko ka tace su, ya tsuke. A cikin saitin girma da siffofin zanen akwai zaɓi uku, ɗauki wanda zai hana shi canza girma tare da akwatuna. Idan za ka ja da hannu, kama kusurwa kana danne da Shift, faɗi da tsayi su tafi tare. Alt kuma yana manna gefen zanen da layin akwatuna. Idan zane biyu za ka jera don kwatanta bara da bana, don Allah rubuta musu girma ɗaya da lamba, kada ka auna da ido.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kundin binciken ɗalibai. Yaro ya yi wata da watanni yana tattara bayanai, ya kwafo zanen da'ira a matsayin hoto ya saka a Word, sannan ya kama gefe ya ja don ya cike shafi. Da'ira ta koma ƙwai, yankin da ke gefe ya kumbura, rubutun jiki ya baje. Malami ya sa hannu, aka ɗinke, aka kai laburare a haka.

Bayan kwana biyu na koma shagon da sabon aikin, na buɗe a laftof ɗin nan dai. Akawun ya kama shingen ya ja shi sama har tebur ya rage layi uku. Alhaji ya bi layin gero da ɗan yatsa daga kaka zuwa bazara, ya tsaya a inda ya fi tudu, ya ce, "Yawwa, a nan ne na daina saye." Sannan ya ce a nuna masa na dawa.