Ƙaguwa Ba Kifi Ba Ce

Da damina ta kankama, yara a gefen kogin Gongola, musamman wajen Dadin Kowa, kan ga ƙaguwa tana tafiyarta ta karkace a cikin gona, nesa da ruwa. Sai ka ji ana cewa ta ɓata hanya, yanzu za ta mutu. Ba haka ba ne.

Ƙaguwa tana da abin shaƙa irin na kifi, amma nata yana ɓoye a ƙarƙashin ƙoƙon bayanta, inda take riƙe danshi. Muddin wurin bai bushe ba, iska take shaƙa lafiya lau. Abin da ke kashe ta zafin rana ne, shi ya sa take haƙa rami ta laɓe, ta fi fita da dare neman ruɓaɓɓen ganye da ƙwari.

Haihuwarta ma abin mamaki ce. Jar ƙaguwar tsibirin Kirsimeti na Ostiraliya dole ta gangara teku ta zuba ƙwai. Tamu ta fadama ba ruwanta da teku: uwa na rungume ƙwai a ƙarƙashin cikinta har su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su fito da kamanninta sak, ƙafafu goma har da almakashi.