Direbobinmu barci suke buƙata kafin kamara

Kwana biyun nan duk grup ɗin WhatsApp da na leƙa nan Tawa sai na iske bidiyon na'urar nan mai kallon idon direba, da ya fara gyangyaɗi sai ta yi ƙara. Mutane sai yabo suke, wai ga maganin haɗari ya zo, a sa ma kowace kar. Wallahi abin ya ɓata min rai.

Na'urar tana aiki, ban musa ba. A Tarayyar Turai tun Yulin 2024 dole kowace sabuwar mota ta fito da na'urar gargaɗin barci, wata na lura da ƙiftawar ido, wata da yadda hannu ke wasa da sitiyari. Amma can doka ta riga ta ce direban babbar mota in ya yi awa 4 da rabi sai ya huta minti 45, kuma motar da kanta na rubuta awowin tuƙinshi. Wannan ɓangaren ba wanda ke turowa.

To mu fa? Direba ya taso Yamai da asuba, ya bi Doso, Dogon Dutsi, Konni, ya karya Tsarnawa ya kamo hanyar Tawa, fiye da kilomita 500 cikin rana da ramuka da kauce ma kamiyo da dabbobi, ya iso ya kishingiɗa kan tabarma a tasha cikin hayaniya, kafin kiran assalatu a ce ya juya. Wannan mutumin ya san yana jin barci tun kafin wata na'ura ta faɗa mai! Shi ya sa bakinshi ba ya rabuwa da goro da shayi, wasu har tramol. In ta yi ƙara ya tsaya, mai motar zai kira, fasinja kuma mu ne na farkon cewa "direba lafiya? muna sauri fa". Ƙarshe dai tsumma zai rufa mata.

Mota mai gudun kilomita 90 a awa, ido ya rufe daƙiƙa 4 kawai ta ci mita 100 ba mai tuƙi, da mutane cike. Masu cewa ƙaddara ce su fara ɗaure raƙumi tukunna.

A tilasta direba biyu a duk doguwar tafiya, da ɗakin kwana na kirki a tasha. Jandarma kuma da ke tsayar da mota yana duba takardu, ya riƙa tambayar direba ƙarfe nawa ya kwanta jiya.