Alhaji Turi a gareji

Alhaji: Oga sannu da aiki, motar nan fa ta ishe ni, kullum da safe sai yaran unguwa sun tura ni, har sun sa min suna Alhaji Turi.

Bakanike: Subhanallahi. In ka murɗa makulli inji na juyawa ya ƙi kamawa ne, ko ƙas-ƙas kawai kake ji?

Alhaji: Ƙas-ƙas. Jiya kuma da daddare ina tafe fitilun gaba suka yi ta dushewa, rediyo ya ɗauke, ta mutu min a tsakiyar danja ƴan adaidaita na ta zabga min hon.

Bakanike: Tab, Alhaji sai dai a sauke inji.

Yaron gareji: Oga ai wanda ya zo gyaran hon ma haka ka ce masa.

Bakanike: Rufe min baki, je ka kira mai wayarin!

Mai wayarin: Bari in sa mita. Ka gani, 11.8, lafiyayyen batir in mota na kashe 12.6 yake nunawa. Yaro jona mana wani batirin a tashe ta. To ga shi tana aiki amma ko 12.5 bai kai ba, alhali kamata ya yi ya ba da 13.5 zuwa 14.5. Altaneta, wato mai cajin batir, ba ta caji.

Alhaji: Batirin fa sabo dal ne, daga Ƙofar Ruwa, shi ne na uku bana.

Mai wayarin: Ranka ya daɗe batir randa ce, ana ta ɗiba ba a zubawa, ko goma ka saya haka za su ƙare.

Bakanike: Cire kan batir tana aiki mu gani mana.

Mai wayarin: A'a wallahi, wannan dabarar zamanin Peugeot 504 ce, mota mai birenbos, wato kwamfuta, ka yi mata haka sai ka ƙona shi. Ah to, ga ma abin, fanbel mai juya altaneta ya saki, taɓa ka ji. Wai Alhaji jar fitilar batir ba ta nuna maka ba?

Alhaji: Ta nuna tun kafin azumi, ido take kashe min, sai na liƙe ta da baƙin salatif.

Yaron gareji: Innalillahi.

Mai wayarin: An ɗaure bel, ga shi 14.2. Dubu biyu.

Bakanike: Ni kuma biyar.

Alhaji: Na me? Ko sifana ba ka taɓa ba!

Bakanike: Na rashin sauke inji mana Alhaji, ka san nawa na rage maka?