Kilo a Damagaram, PSI a Amurka

A Damagaram, in ka tsaya wurin mai faci, tambayarsa ɗaya ce: "Alhaji, kilo nawa za a sa?" Ka ce biyu, ko biyu da rabi in mota ta sha kaya. Kilon nan awon iskar taya ne, kusan daidai yake da bar, awon da muka gada wurin Faransawa. Nan Amurka inda nake zaune kuwa da PSI ake auna iskar taya, haka ma a Kano, nan kusa da mu. Lissafin ba wuya: bar 1 daidai yake da PSI 14.5, ko kPa 100 (kPa shi ma wani awon iska ne). Ke nan kilo 2.2 ya kama PSI 32, PSI 35 kuma kilo 2.4.

Abin da ke damuna shi ne motocin da muke sayowa ta Kwatano. Wasu daga Turai suka fito, wasu daga Amurka. Kowace tana da ƴar takarda manne a jikin ƙofar direba ko cikin murfin tanki, inda kamfani ya rubuta iskar da ta dace da ita. Ta Amurka PSI da kPa take nunawa. Mai mota ya ga 35, mai faci ya saba da 2 da 3, sai kowa ya watsar da takardar, a koma ƙwanƙwasa taya da ƙarfe ana sauraron ƙara. Wani kuma ya karanta lambar da ke jikin tayar kanta, 44 PSI, ya ce a cika masa haka. Wannan lambar iyakar abin da taya za ta iya ɗauka ce, wato kilo 3, ba ita aka ce ka yi tafiya da ita ba.

Ga kuma zafinmu. A watan Afrilu da Mayu rana tana wuce digiri 40, kwalta ta fi haka nesa. Iska in ta yi zafi ƙaruwa take yi, shi ya sa ake auna taya da safe kafin mota ta motsa. Direban da ya taso daga Kano ya tsaya Matamaye ya ga awo ya hau, ya sassauta iska, ya cuci kansa: in tayar ta huce sai ta zama ba ta cika ba, kuma tayar da ba ta cika ba ita ce ke lanƙwasa, ta ɗau zafi, ta fashe da mutane goma sha a cikin mota.

Ban ce Amurkawa sun fi mu ba. Awonmu na bar ya fi sauƙin lissafi. Abin da suka fi mu shi ne duba takardar ƙofa, kuma na'urar awo a nan ba ta da tsada, yawancinta da awo biyun a fuska ɗaya. Ina roƙon shugabannin direbobi a tashoshinmu su sa a rubuta 14.5 a bangon kowane mai faci, mu kuma da ke waje mu riƙa aika irin wannan na'urar gida.